Jarumar da ta ƙi girma har shafin ƙarshe: wa ta taɓa cin karo da irinta?

Maman Biyu, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abin nan ya tsaya min a rai. Na biya kuɗina na sayi wani littafin soyayya da ake ta zuzutawa a WhatsApp. An ce mana jarumar likita ce, tana duba marasa lafiya, amma daga shafin farko ba ta da aiki sai turo baki, bubbuga ƙafa da kuka. Ta ga saƙo a wayar mijinta, ba ta tsaya tambaya ba ta haɗa kaya ta yi yaji, ashe ƙanwarsa ce ta turo. Da gaskiya ta fito shi ne ya bi ta gida yana lallashi, ita ko "yi haƙuri" ba ta furta ba. Ban ƙi mace ta yi wa mijinta shagwaɓa ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda ta shigo labarin haka ta fita, duk wuyar da ta sha ba ta sauya ta ba.

'Yar Anguwar Rogo:
Anti, kamar kin shiga zuciyata. Tawa a Wattpad, manhajar karanta labarai, na gamu da ita. Kakar da ta raine ta na kwance a asibiti, ita tana ɗaki ta ƙi cin abinci wai Yaya bai yaba lallenta ba. Nan na ajiye littafin.

Malama, Bauchi Road:
Mu da muka taso muna hayar littafi a shago mun ga jarumai daban. Ku duba Rabi a Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Miji ya kore ta da 'ya'yanta, ta ɗaura zani ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Ni damuwata ɗalibaina ne 'yan sakandare. A wayar iyayensu mata suke karantawa, sai ki ji yarinya ta maƙale murya tana magana kamar jinjira, tana ganin haka ake zaman aure.

Marubuciya, Gangare:
Malama, a yi mana adalci. Feji-feji muke sakewa kullum, masu karatu na jira. Ranar da na sa jarumata ta zauna da mijinta suka fahimci juna, sharhi ya yi ƙasa, wasu har ta waya suna cewa labari ya yi sanyi, a dawo da rigima. Mai talla abin da ake saye take kaiwa kasuwa.

Ummu Yara, Dilimi:
Ƙanwata, rigima muke so, ba wauta ba. A garin nan namu na Jos kuwa me za a rasa? Tun rikicin 2001 unguwanni suka rabu, akwai dangin da zumunci ya yi musu wuya. Ga matar da mijinta ke aiki a Abuja, sai ƙarshen mako yake zuwa, ita ke fama da kuɗin haya, makarantar yara da uwar miji. Sa mace mai hankali a cikin wannan, ta yi kuskure, ta gane, ta gyara, wallahi ba zan yi barci ba sai na ga ƙarshe. In kin rubuta ki sanar da ni, ni ce ta farko da za ta biya.