Karena yana wa kyanwa da tsohuwar karya wasan ƙarfi, ta ina zan fara gyara shi?

Uwar_Gida

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san horon kare. Namiji ne, wata 8, nauyinsa kilo 24. A gidan akwai kyanwa mai shekara 3, da wata tsohuwar karya 'yar ƙarama mai shekara 11 wadda ba ta wuce kilo 7 ba, sai zomo ɗaya a keji. Bai taɓa fitar wa kowa jini ba, amma da kyanwar ta motsa sai ya rufa mata baya, ya danne ta da ƙafafun gaba, ya sa wuyanta a baki. Karyar kuwa bangaje ta yake, ya hau bayanta, ya ja kunnenta, ko gurnani ta yi bai san tana yi ba. Tsawa ba ta hana shi, sai ma ƙara masa zumuɗi. Abin ya fi tsanani da yamma. Wasa ne ko mugunta? Zai daina idan ya girma?

Mai_Horo

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, sai kin tabbatar da abin da yake yi, domin wasa daban, farauta daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Kare mai wasa jikinsa a sake yake. Yakan kwantar da ƙirji ƙasa ya ɗaga ƙugu sama, bakinsa a buɗe, yana tsalle gefe da gefe, yana surutu da gurnanin banza, kuma yana tsayawa da kansa lokaci zuwa lokaci kafin ya ci gaba. Mai farauta kuwa shiru yake yi. Ya ƙura ido, baki a rufe, jiki ya sandare, kai ya yi ƙasa, ya fara sanɗa, sannan ya zabura. In ya kama, sai ya jijjiga kai. Wannan jijjigar ita ce ke kashe ƙaramar dabba, kuma ba ta ɗaukar fiye da daƙiƙa ɗaya ko biyu. Abin da ke ruɗa mutane shi ne kare ɗaya zai iya fara da wasa, kyanwa ta ruga ko ta yi ƙara, nan take abin ya juye farauta. Ki ɗauki bidiyonsa da waya sau biyu ko uku, yana ɗaure da igiya, ki duba a tsanake. Ido bai kama komai a lokacin da abin ke faruwa.

Tsakaninsa da karyar akwai gwaji mai sauƙi: ki riƙe shi na daƙiƙa 5, ki bar ta a sake. In ta dawo wajensa, tana so. In ta yi gaba, ta karkaɗe jiki, ta ɓuya, to shi kaɗai ke wasan.

Game da ko zai daina da kansa, kada ki dogara da haka. Daga wajen wata 6 zuwa wata 18 kare yana cikin tashen balaga, ƙarfi ya zo, hankali bai zo ba. Zumuɗin zai ragu da shekaru, amma abin da ya saba yi yanzu shi zai riƙe. Bin kyanwa a guje daɗi ne a wurinsa, ladan yana cikin gudun, don haka duk ranar da ya yi, ya ƙara ƙwarewa.

Shi ya sa aikin farko shi ne toshe damar. Daga yau kada a bar su tare in ba mai lura. A sa ƙaramin shinge a ƙofar ɗaki guda, mai ratar da kyanwa za ta wuce amma shi ba zai wuce ba, a kai abincinta da ruwanta da kaskon kashinta can. A kowane ɗaki ta samu wuri mai tudu da za ta haye. Shi kuma in yana cikin gida tare da su, ya kasance da ɗamarar ƙirji da igiya marar nauyi mai tsawon mita 2 zuwa 3 tana ja a ƙasa, wadda babu madauki a ƙarshenta don kada ta sarƙe da ƙafar kujera. A ɗamarar za a ɗaura, ba a abin wuya ba, saboda in ya zabura aka taka igiyar, maƙogwaronsa ne zai sha wahala. In ba kowa a wurin, a cire igiyar.

Sannan horon. Ki zaɓi kalma guda gajera, misali "yauwa", wadda ma'anarta a wurinsa ita ce lada na tafe. Ki faɗe ta ki ba shi ɗan gutsuren nama dafaffe kamar ƙwayar wake, sau 15 zuwa 20 a zama ɗaya, kwana biyu ko uku, har ki ga yana juyowa da sauri da ya ji ta. Ladan ya shiga bakinsa cikin daƙiƙa 2, in ya wuce haka bai san abin da aka biya shi a kai ba. Bayan nan ki koya masa kira da kwanciya a kan wata tabarma tasa, a ɗakin da ba kowa.

Sai ki kawo kyanwa cikin lissafi, amma daga nesa, tana bayan shinge. Nisan da ya dace shi ne inda yana ganinta amma har yanzu yana karɓar abinci yana jin sunansa. Ga wani kare mita 3 ne, ga wani sai ƙarshen falo. Da ya kalle ta, ki ce "yauwa" tun kafin kallon ya zama ƙura ido, ya juyo, ki ba shi. Ki maimaita minti 3 zuwa 5, sau biyu ko uku a rana. Ranar da kika ga ya kalle ta ya juyo gare ki da kansa ba ki ce komai ba, an samu abin da ake nema. Daga nan a rage nisan da taku ɗaya. In ya ƙi abincin, ko ya fizge shi da ƙarfi daga hannunki, kin matso da yawa, ki ja baya. Kyanwa a zaune da kyanwa mai tafiya da kyanwa mai gudu darussa uku ne daban, kowanne sai an faro shi daga nesa.

Wasansa da karyar, in gwajin ya nuna tana so, a riƙa katse shi duk bayan daƙiƙa 20 zuwa 30 tun bai yi zafi ba: a kira shi, ya zauna, a ba shi lada, a sake shi ya koma. Sakin yana da muhimmanci, domin in kowane kira ƙarshen wasa ne, zai daina amsawa. In ya danne ta ko ya ja kunne, kalma ɗaya cikin sanyin murya, "ya isa", a ɗauki igiya a fitar da shi bayan ƙofa na daƙiƙa 30 zuwa 60, a dawo da shi. Ya sake, a sake. Sau uku a jere, an tashi wasan na ranar. Tsawar da kike yi kuwa, a kunnensa kamar kin shiga wasan ne kina taya shi haushi.

Likitar_Dabbobi

Bayanin Malam ya wadatar ta ɓangaren horo. Ni zan taɓo lafiyar waɗanda ake wa wasan, domin "bai fitar da jini ba" ba ya nufin babu rauni.

Fatar kyanwa tana da laushi kuma gashi yana rufe ta. Fiƙar kare kan bar ɗan rami ƙarami a sama alhali naman ƙasa ya murƙushe. Bayan kwana 2 zuwa 4 sai wurin ya kumbura ya tara mugunya. Danna kilo 24 a kan dabba mai kilo 4 kuma yana iya karya haƙarƙari. Duk ranar da ya sa ta a baki, ki shafa wuyanta da ƙirjinta da cikinta a hankali, ki duba jiƙaƙƙen gashi ko wurin da take ƙin a taɓa. Numfashi da sauri, ko numfashi baki a buɗe, ko ɗingishi, a kai ta asibitin dabbobi a ranar.

Akwai kuma illar fargaba. Kyanwar da ake tsare wa hanya takan fara fitsari a wajen kaskonta, ko ta riƙa zuwa tana yin ɗigo-ɗigo, wani lokaci da jini. In muzuru ne yana yunƙuri fitsari bai fita, wannan na gaggawa ne, mafitsara ta toshe. Kyanwar da ta ƙi abinci kwana biyu ita ma a kai ta, saboda hantarsu ba ta jure yunwa.

Karya mai shekara 11 akwai yiwuwar tana da ciwon gaɓoɓi ko na baya ko da ba ta ɗingishi. Gurnanin da take yi magana ce, kada a tsawata mata a kai. Karen da aka hana gurnani, cizo yake yi ba sanarwa. A duba ta, in da ciwo a ba ta magani, amma kada a ba ta na mutane, ibuprofen guba ne ga kare, paracetamol kuma yana kashe kyanwa.

Shi ma karen naki yana cikin haɗari: farcen kyanwa kan yage fatar ƙwayar ido. In kin ga yana runtse ido ɗaya yana hawaye, kada a kwana.

Zomo kuwa, Hajiya, kada ma a gwada. A mayar da kejinsa ɗakin da kare ba ya shiga kuma ba ya hango shi. Ƙashin bayan zomo ba shi da ƙwari, in ya firgita ya yi harbi da ƙafafun baya yana iya karya kansa a cikin kejin ba tare da kare ya taɓa shi ba.

Fiɗiya ba ta magance wannan matsalar. Tana iya rage yawo da hawan baya a wasu karnukan, amma bin abin da ke gudu ba daga nan yake fitowa ba.

Dattijo

Za ki ji masu cewa a bar su, kyanwa za ta mare shi sau ɗaya ya shiga taitayinsa. Hakan kan yi aiki in ɗan kwikwiyo ne mai wata 2 ko 3 da babbar kyanwa mai zuciya. Da kare mai kilo 24, marin kan ƙara tunzura shi ne kawai.

Batun yamma da kika ambata, abu biyu ke kawo shi: ko ƙarfin ya taru bai samu mafita ba, ko kuma gajiya ce ta wuce misali, kamar yaron da barci ya kama yana rigima. Kare mai wata 8 yana buƙatar barcin awa 14 ko fiye a yini. Ki fitar da shi yawo awa ɗaya kafin lokacin da ya saba haukacewa, da doguwar igiya, ki bar shi ya yi ta sunsune-sunsune, domin aikin hanci yana gajiyar da kare fiye da yadda ake zato. In kun dawo, a watsa masa abincinsa a ƙasa ya tsince, ko a ba shi abin tauna a kan tabarmarsa.

Sha'awar bi da cafka kuma ba a kashe ta, ana ba ta wurin zuwa ne. Ki samu sanda mai tsawon mita ɗaya, ki ɗaura igiya, a ƙarshenta tsumma mai kauri. Ya zauna, ki ce "kama", ki ja tsumman a ƙasa ya bi ya cafke, ku ja, ki ce "saki", ki ba shi lada, a sake farawa. Minti 5 ya isa, kuma a ƙasa-ƙasa, ban da tsalle sama, saboda gaɓoɓinsa ba su gama ƙwari ba. A nan ne yake koyon tsayawa yana cikin zafin gudu. Mutanen gida kuma su daina kokawa da shi da hannu. Fitilar leza, mai jefa ɗigon haske a ƙasa dabba ta bi, ita ma a ajiye ta, tana sa wasu karnuka bin inuwa da haske ba ji ba gani.

Uwar_Gida

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Tambaya biyu: tsawon wane lokaci kafin a ga canji? Kuma takunkumi zai taimaka?

Mai_Horo

In kowa a gidan yana bin tsari ɗaya, yawanci cikin mako 2 zuwa 4 za ki ga yana kallon kyanwa yana juyowa. Zama tare ba igiya kuwa batun watanni ne. Kada ki firgita in a kwanakin farko abin ya ƙaru. Karen da aka toshe wa abin da ya saba yakan ƙara ƙaimi kafin ya saduda. Abin da ya fi ɓata aikin shi ne mutum ɗaya a gidan ya riƙa barinsa yana bi, ko da sau ɗaya a mako. Abin da ake samu jefi-jefi ya fi wuyar bari.

Naman ladan ki cire shi daga abincinsa na yini, kada ya wuce kashi 10 cikin 100, in ba haka ba ƙiba za ta biyo baya.

Takunkumi yana da amfani a matakin da za a fara haɗa su ba shinge, amma irin mai kama da kwando, wanda zai iya haki ya sha ruwa ya karɓi lada ta cikinsa. Na yadi mai matse baki na 'yan mintuna ne a wurin likita, kare ba ya iya haki da shi, zafi zai iya illata shi. Ki saba masa da shi cikin mako guda ko biyu: ki sa nama a ciki ya cusa hancinsa da kansa, daga baya ki ɗaura na daƙiƙa 2, sannan 10, sannan minti ɗaya. Ki sani takunkumi yana tsare haƙori ne kawai, ba ya hana danniya da bangaza, don haka igiyar tana nan.

Abin wuya mai ba da wutar lantarki ko mai ƙaya ban ba ki shawararsa ba. In zafi yana zuwa duk lokacin da ya kalli kyanwa, yana iya ɗora laifin a kanta, wasa ya koma gaba.

In bidiyon ya nuna sanɗa da shiru da jijjigar kai, ko ya ƙi nama ko daga ɗaya ƙarshen gidan muddin tana wurin, ko ya kwana a bakin ƙofarta yana kuka yana karce ƙyaure, a raba su gaba ɗaya da ƙofa biyu a tsakani, a nemi ƙwararren mai horo ya zo ya gani da idonsa. Wasu jinsunan da aka ƙirƙira don farauta, irin su teriya (terrier) da girehawun (greyhound), da kuma haski (husky), sukan fi wuya a nan. Ko da horon ya yi kyau, in za ku fita daga gida, kyanwa da karyar su kasance a ɗaki, shi a wani.