Talabijin a labaran mummunar makoma: ta yaya ake nuna cutarwarsa ba tare da wa'azi ba?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum, marubuta. A labarin da aka gina kan wata ƙasa ta nan gaba wadda talabijin ya cinye hankalin mutanenta, ta yaya ake sa mai karatu ya ga ɓarnar da idonsa? Yawanci sai ka tarar an kawo wani dattijo yana ta faɗa a kan illar kallo har shafi uku. Me manyan littattafan wannan fanni suka yi?

Malam Garba:
Wa alaikumus salam, Malama. Kafin komai, ki yanke hukunci kan abu ɗaya: wa ke da ikon kashe akwatin? A nan aka rabu gida biyu.

George Orwell, a littafinsa 1984 wanda ya fito a 1949, ya yi allon da ke nuna maka hoto kuma yana kallonka, yana jin duk maganar da ta wuce raɗa. Ana iya rage ƙararsa, ba a iya kashe shi. Da wannan ƙa'ida ɗaya ya tsara har zaman ɗaki: Winston, jarumin littafin, na rubuta sirrinsa ne a wani lungu da allon bai hango ba. Da safe kuma, lokacin atisayen dole, matar da ke cikin allon ta kira sunansa da lambarsa, ta ce ya ƙara sunkuyawa. Babu wanda ya tsaya bayyana cewa babu 'yanci, mai karatu ya riga ya ji a jikinsa. Can gaba da O'Brien, babban jami'in jam'iyya mai mulki, ya kashe nasa allon, nan take ka gane tazarar da ke tsakanin manya da sauran jama'a.

Ki lura kuma da yadda ya yi da labarai. An rage rabon cakulan daga giram 30 zuwa 20, washegari allon ya ce jama'a na zanga-zangar godiya saboda an ƙara shi zuwa 20. Lamba biyu da tazarar kwana ɗaya, shi ke nan.

Hajiya Binta:
Malam Garba ya faɗi gaskiya, amma ni ina ganin hanyar Orwell ta fi sauƙin rubutawa, domin mugun yana waje. Mai wuyar ita ce ta Ray Bradbury a Fahrenheit 451 na 1953, inda babu wanda ya tilasta wa kowa. Mildred, matar Montag jarumin littafin, bango uku na falonta duk allo ne, kuma tana matsa wa mijinta ya saya na huɗu a kan dala 2,000, wato sulusin albashinsa na shekara, alhali wata biyu kacal ke nan da sa na ukun. Mutanen cikin allon take kira danginta. Akwai wata 'yar na'ura da ke cusa sunanta a bakin mai gabatarwa, ana kuma aiko mata da takardar wasan da aka bar gurbi, in 'yan wasa suka juyo suka dube ta sai ta karanta layinta. Da mijin ya tambaye ta a kan me ake wasan, ta kasa faɗa.

Abin da za ki ɗauka a nan, ƙanwata: ki sa wa akwatin farashi, sannan ki nuna abin da ya kora daga gidan. A wannan gida hira ya kora, da tunawa. Matar ta shanye kwalbar maganin barci, aka ceto ta cikin dare, da safe ta ce sam ba ta yi ba. Su biyun ma sun manta inda suka fara haɗuwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mayar da masu kallo wawaye. Da zarar mai karatu ya raina su, ya cire kansa daga cikinsu, labarin ya mutu. Ki sa shirin ya zama mai daɗi har ke marubuciya ki so kallonsa.

Danjuma Mai Gyara:
Akwai kashi na uku da ba a taɓo ba, wato kisa a matsayin nishaɗi. A dai littafin Bradbury, ana farautar Montag kai tsaye a talabijin. Da ya ɓace musu a kogi, hukuma ba ta amsa gazawa ba, sai ta sami wani bawan Allah yana tafiya shi kaɗai da dare, ta kashe shi a gaban kyamara, ba a nuna fuskarsa sosai ba, aka ce an gama da Montag. Dalilin kawai kada masu kallo su gaji. Kurt Vonnegut ya fi haka takaitawa a Harrison Bergeron na 1961: an harbe yaro ɗan shekara 14 a allo, uwarsa na kallo tana hawaye, jim kaɗan ta manta abin da ya sa ta kuka.

In labarinki a ƙasar Hausa za ki kafa shi, kada ki kwafo falon Amurka. Tambayar farko da mai karatu zai yi ita ce, ina wutar? To ki mai da ita makami. Hukumar da ta kasa ba asibiti lantarki amma allon unguwa bai taɓa mutuwa ba, ta riga ta tona kanta. Kuma kallo a nan na taro ne, a gidan kallo ko tsakar gida, saboda haka cutar ba kaɗaici ba ce irin ta Mildred. Ki duba dandali da tatsuniyar dare da zaman majalisa bayan isha'i, ki zaɓi wanda allon zai fara cinyewa, ki nuna wanda ya fara lura da kuma abin da maƙwabta suka yi masa.

Ummu Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, shi jarumin fa, dole ne ya zama wanda ba ya kallo?

Hajiya Binta:
A'a. Montag kansa ma'aikacin hukuma ne, aikinsa ƙona littattafai. Ki ɗauko naki daga cikin gidan talabijin ɗin, misali mai tace hotuna, wanda ya ga fuskar mutumin da aka kashe kafin a dusashe ta.