Ekstenshan ɗin Python ya daina aiki bayan na haɗa VS Code da saba ta SSH

Habibu: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta tsayar mini da aiki. Idan na buɗe aikina a VS Code, editan da nake rubuta shirye-shiryen kwamfuta da shi, a kan kwamfutata, ekstenshan ɗin Python, wato ƙarin manhajar da ke taimaka wa editan da yaren Python, yana aiki yadda ya kamata, amma da zarar na haɗa da sabar wurin aikinmu ta Remote - SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa a yi aiki a kanta, sai ya daina ƙarasa mini sunayen abubuwa, kuma duk wuraren import su fito da layi mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashinsu, alhali shirin yana gudana lafiya lau idan na tashe shi daga taminal. Wani lokaci kuma saƙo yakan fito cewa mai ɗauke da ekstenshan (Extension Host, shirin da yake gudanar da su) na ɓangaren saba ya mutu ba zato ba tsammani. Daga ina kuke ganin ya kamata in fara?

Malam Tukur: Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Abu na farko shi ne ka tabbatar da ɓangaren da ekstenshan ɗin yake zaune, domin idan ka haɗa da saba, editan yana rabuwa gida biyu ne. Tagar da kake gani tana kan kwamfutarka tare da ekstenshan irin na ado da launi, su kuwa waɗanda suke karanta fayiloli da tashin shirye-shirye, irin su Python da Pylance (mai tantance rubutun Python yana ƙarasa sunaye), dole ne a girka su a kan sabar, inda suke zama a cikin ~/.vscode-server/extensions. Ka buɗe jerin ekstenshan ɗinka, za ka ga kashi biyu, na gida da na SSH. Idan Python ya dusashe kuma akwai maɓallin Install in SSH a gefensa, to ba a girka shi a can ba. Umarnin Developer: Show Running Extensions ma zai nuna maka waɗanda suke gudana da ɓangaren da kowanne yake.

Nasiru: Ka goge foldar .vscode-server gaba ɗaya ka sake haɗawa, editan zai sauko da sabuwa da kansa. Ni a wurina wannan yana warware yawancin irin waɗannan matsalolin.

Malama Rukayya: Malam Nasiru, ina girmama ra'ayinka, amma ban yarda a fara da gogewa ba, kuma zan faɗi dalili daga abin da na gani da idona. A wani wuri da na yi aiki, an ba mu ƙaramar saba guda ɗaya muna amfani da ita mu da yawa, sai saƙon mutuwar mai ɗauke da ekstenshan ya riƙa fito wa kowa. Shawarar da ake ba duk wanda ya yi ƙorafi ita ce ya goge foldar, kuma lallai idan ya goge sai abin ya lafa na ɗan lokaci, domin ekstenshan ɗinsa duka sun tafi tare da ita. Da zarar ya mayar da su, sai ciwon ya dawo. Abin da ya fi damuna shi ne a cikin wannan foldar ne log ɗin da zai bayyana musabbabin yake, wato rubutaccen bayanin abin da ya gudana, haka ma saitunan ɓangaren saba, don haka duk wanda ya goge ya share shaidar da ake bukata da hannunsa, ga kuma wahalar sake saita komai.

Ranar da muka haƙura muka duba dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin cibiyar Linux, sai muka ga cewa Linux ne da kansa yake kashe wani aikin node, shirin da sabar editan ke gudana a kansa, saboda RAM ya ƙare. Kowannenmu yana da nasa sabar edita, da nasa Pylance yana bin fayiloli yana tantance su, ga kuma mai lura da canjin fayiloli yana ƙoƙarin sa ido a kan manyan foldoji na bayanai waɗanda babu ruwansu da shirin. Takardun VS Code sun ce ana bukatar aƙalla 1 GB na RAM a kan saba, kuma sun fi son 2 GB da furosesa mai cibiya 2, amma idan mutane da dama suka taru a kan na'ura guda, wannan lissafin ba ya isa. Mun magance ta ne da sa manyan foldojin a cikin files.watcherExclude da python.analysis.exclude, muka kuma daina buɗe foldar gida gaba ɗayanta, kowa ya riƙa buɗe foldar aikinsa kaɗai. Saboda haka, Malam Habibu, kafin ka taɓa komai ka shiga Output, ka zaɓi log ɗin Extension Host na ɓangaren saba, ka karanta layukan ƙarshe kafin ya mutu.

Nasiru: Malama, gaskiya kika faɗa a kan log ɗin, amma akwai lokacin da saukowar sabar editan take yankewa a tsakiya, kuma a nan babu abin da zai gyara sai an cire ta an sake.

Malama Rukayya: Haka ne, sai dai ko a wannan halin akwai umarnin Remote-SSH: Kill VS Code Server on Host, wanda ya kamata a fara gwadawa, kuma log ɗin Remote - SSH ne zai nuna cewa saukowar ce ta yanke.

Injiniya Sabo: Ni ina ganin matsaloli biyu ne Habibu ya haɗa wuri guda. Layin ruwan ɗorawa a ƙarƙashin import yawanci alama ce ta cewa editan yana kallon wani Python daban da wanda taminal yake amfani da shi. Ƙanena, ka rubuta which python a taminal ɗin sabar, sannan ka kira Python: Select Interpreter ka zaɓi wannan hanyar daidai, musamman idan kana da venv, wato keɓaɓɓen muhallin Python, a cikin aikin. Ka kuma duba .vscode/settings.json, domin sau da yawa akan tarar da hanyar Python ta kwamfutar wani, mai farawa da harafin C na Windows, ta biyo aikin zuwa saba mai Linux.

Zainab: Ina goyon bayan Injiniya, domin wannan ne ya fi yawan faruwa ga masu fara aiki ta SSH.

Malam Tukur: Akwai tambayar da ba mu yi ba. Wane Linux ne a kan sabar? Tun daga siga ta 1.86 da ta fito a farkon 2024, sabar editan tana bukatar glibc (babban ɗakin ajiyar lambobi da shirye-shiryen Linux suke dogara da shi) 2.28 ko sama da haka, alhali CentOS 7 yana da 2.17, Ubuntu 18.04 kuma yana da 2.27. An ɗaga wa tsofaffin na'urori ƙafa na wani lokaci, amma daga siga ta 1.99 a 2025 wannan sassaucin ya ƙare. Umarnin ldd --version zai nuna abin da ke kan na'urar.

Injiniya Sabo: Da glibc ne, Malam, da haɗawar ma ba za ta yiwu ba, shi kuwa ya ce yana shiga har yana buɗe taminal.

Lawal: Ku gafarce ni, amma wannan duka shi ya sa na koma Neovim, editan da ke aiki a taminal, a cikin tmux, mai riƙe zaman taminal ko haɗi ya yanke. Komai yana kan sabar, babu rabuwa gida biyu, kuma idan intanet ya yanke ina dawowa in tarar da aikina inda na bar shi.

Zainab: Malam Lawal, ai kai ma Pyright, mai tantance rubutun Python, ko makamancinsa kake tashi a kan sabar, kuma idan ya kalli Python ɗin da ba shi ba, irin wannan gargaɗin zai ba ka. RAM ɗin da yake ci ma yana nan.

Lawal: Na yarda da batun Python ɗin, amma nauyin ba ɗaya ba ne, domin ni ba na tashin sabar edita da mai lura da fayiloli da ekstenshan barkatai a kan na'urar da ake rabawa.

Habibu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ekstenshan ɗin yana kan sabar, amma kamar yadda Injiniya ya ce, editan yana kallon /usr/bin/python3 ne maimakon venv ɗin aikin. Da na zaɓi na daidai, layukan duka suka ɓace. Mutuwar mai ɗauke da ekstenshan kuwa tana nan, kuma ba ni da izinin karanta dmesg a kan wannan sabar. A cikin log ɗin na ga kalmar ENOSPC tana maimaituwa.

Malama Rukayya: Wannan kalmar tana iya nufin abu biyu, don haka kada ka yi gaggawar yanke hukunci. Ko dai wurin ajiya ne ya cika, wanda df -h da quota za su nuna maka, tunda a sabar da ake rabawa akan ƙayyade wa kowa girman foldar gidansa, ko kuma adadin fayilolin da Linux yake bari a sa wa ido, ta tsarin da ake kira inotify, ne ya kai iyaka. Na biyun za ka gan shi da cat /proc/sys/fs/inotify/max_user_watches. Mai kula da sabar ne kaɗai zai iya ɗaga shi, kuma adadin da aka saba sawa shi ne 524288, amma kai ma kana iya rage bukatar ta hanyar cire venv da node_modules da foldojin bayanai daga abin da ake lura da shi. Idan bayan haka yana ci gaba da mutuwa, ka yi amfani da Help: Start Extension Bisect, wanda yake kashe rabin ekstenshan ɗin a kowane zagaye yana tambayarka ko matsalar tana nan, har ya ware mai laifin.

Aminu: Tunda ana kan batun, ni tawa matsalar a cikin kwantena take, wato keɓaɓɓen muhallin gudanar da shiri. Duk lokacin da na sake gina ta sai ekstenshan ɗina su ɓace, akwai kuma guda ɗaya da yake girkuwa amma ya ƙi tashi sam. A kan Alpine, wani ƙaramin nau'in Linux, aka gina ta.

Injiniya Sabo: Na farkon mai sauƙi ne: ka rubuta sunayensu a cikin devcontainer.json, ƙarƙashin customizations, sannan vscode, sannan extensions, za su riƙa dawowa da kansu. Masu SSH ma suna da remote.SSH.defaultExtensions don irin wannan. Na biyun kuwa ina zargin musl ne, domin da shi Alpine yake amfani maimakon glibc, kuma ekstenshan ɗin da ya zo da shirin da aka harhaɗa don glibc ba zai tashi a kansa ba. Ka gwada gina kwantenar a kan Debian ka gani.

Aminu: Shugaban aikinmu ya fi son Alpine saboda ƙanƙantarsa, ban san ko zai amince ba.

Zainab: Ba dole ne ku taɓa kwantenar da kuke fitarwa ga masu amfani ba. Kwantenar da kuke rubuta shiri a cikinta daban take, ana iya gina ta a kan Debian a bar waccan yadda take.

Nasiru: Sai dai idan suka bambanta, wata rana shirin zai yi aiki a wurin rubutu ya ƙi yi a wurin fitarwa, saboda haka lallai gwajin ƙarshe ya gudana a kan Alpine ɗin.

Malam Tukur: Malam Habibu, idan ka duba df da adadin inotify ɗin, ka turo mana abin da suka nuna tare da layukan log ɗin da suka zo kafin ENOSPC, amma ka cire sunan sabar da adireshinta kafin ka turo.