Me ya sa makaɗin jitar jaz ba ya maimaita kiɗansa?

Ɗan Gadarif: Assalamu alaikum. Me ya sa makaɗin jitar jaz ba ya kaɗa waƙa iri ɗaya sau biyu a gaban jama'a?

Malamin Kasala: Wa alaikumus salam, ɗana. Da zarar ya gabatar da karin waƙar, sauran nan take yake ƙirƙira, kunnensa na kan mai ganga. Ka saurari Wes Montgomery na Amurka, wanda da babban yatsa yake taɓa tsirkiya, shi ya sa sautinsa yake da laushi sosai.

'Yar Omdurman: Malam, kada mu manta da namu Sharhabil Ahmed, sarkin jaz na Sudan, wanda matarsa Zakiya ta kaɗa jita a ƙungiyarsa tun ba a saba ganin mace da jita a dandali ba.