Musayar Waƙa: Littafin Burina Ya Yi Ƙura

Ɗan Auta:
Assalamu alaikum yayyena. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai, na kasa faɗinsa a zube, sai na sa shi a baiti. Duk mai amsawa ya riƙe mini amsa-amon "wa".

Na sayo littafi sabo fil,
Na jera buri bakwai ba tsayawa.

Karatu, motsa jiki, da tanadi,
Da tashin asuba ba makarawa.

Kwana 18 ina ta sa maki,
Kowane dare da alamar cikawa.

Ran na 19 barci ya sace ni,
Na farka rana tana ta haskawa.

Gurbin nan guda da na bari fari,
Shi ya kashe mini zuciyar komawa.

Yau wata biyu yana nan kan tebur,
Ƙura a bangonsa tana ta taruwa.

Ku gaya mini gaskiya yayyena,
Ni ne rago, ko hanyar ce ba ta ɓullewa?

Yaya Mai Alƙalami:
Ƙanena zauna, ba ragwanci ba ne,
Kayan da ka ɗaure ne ba sa ɗaukuwa.

Bakwai ka cusa a baki lokaci guda,
Taura biyu ma ai ba ta taunuwa.

"Zan yi karatu," wannan fata ce,
Ba ta da ma'auni, ba ta ƙirguwa.

Ka ce shafi goma kowace safiya,
Nan za ka bambance cika da gazawa.

Shafi goma sau kwana 365,
3,650 ke nan in kana haɗawa.

Littafi 12 masu shafi 300,
Sun shige kanka ba ka ji wucewa.

Malam Mai Nazari:
Ku yi mini uzuri in ɗan fita daga baiti, don gurbin nan na rana ta 19 ya taɓa ni. A University College da ke Landan, Phillippa Lally da abokan aikinta sun bibiyi mutum 96 na tsawon mako 12, kowa da sabuwar ɗabi'ar da yake son ta zame masa jiki. Sakamakon ya fito a 2009: matsakaicin lokacin da abu ke zama jiki kwana 66 ne, wani ya samu a kwana 18, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, tsallake rana guda bai rushe ginin ba.

Ɗana, kwana 18 ka yi kacal,
Tushen bai kai ga kamawa ba, balle tsayuwa.

Rana ɗaya da ta kuɓuce maka,
Ba ita ta yi maka ɓarnar rushewa.

Kwana sittin da ka yi kana jin kunya,
Su ne suka ja ka zuwa nutsewa.

Abokin Gardama:
Dakata Yaya, ban yarda duka ba,
Yawan rage buri na kai ga lalacewa.

Zomo ba ya kamuwa daga zaune,
Kowa ya ci shi ya sha gudu da faɗuwa.

Locke da Latham masana ne na aiki,
Shekaru suka kwashe suna gwadawa.

Buri mai wuya, takamaimai, ya fi
"Yi iya yinka" saurin motsawa.

In kun ce wa yaro kullum ya sassauta,
Yaushe zai san iyakar iyawa?

Yaya Mai Alƙalami:
Ɗan'uwa, maganarka tana kan hanya,
Ban ce ya yanke burin ba, ban ce da yasarwa.

Dutsen ya bar shi da tsawonsa duka,
Takun ƙafa ne nake ragewa.

Littafi 12 ai ba wasa ba ne,
Ga wanda bara ko ɗaya bai kai ga gamawa.

Malam Mai Nazari:
Ku biyun kuna da gaskiya, saura abu guda. Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Jamus, ya yi bayaninsa a 1999: ka ɗaura aikin a jikin lokaci da wuri tun kafin ranar ta zo, ka ce "in kaza ya faru, zan yi kaza."

Ka ce in na farka, kafin waya,
Littafi ne farkon abin taɓawa.

Ka ajiye shi daren a gefen filo,
Wayar ta kwana nesa da miƙawa.

In ranar ta ƙwace, ka shirya tun yau:
Gobe shafi biyu ma ya isa dawowa.

Ka samu wani guda da za ka gaya wa,
Ran Juma'a ya tambaye ka ba ɓoyewa.

Ɗan Auta:
Na gode Yaya, na gode Malam,
Abokin Gardama, kai ma ina yabawa.

Ɗazu na sa hannun riga na goge ƙurar,
Na buɗe shafin da nake gujewa.

Shida na ja wa layi, sai wani jiƙon,
Karatu kaɗai na bari a tsayawa.

Gurbin 19 na bar shi fari yadda yake,
Na sa kwanan watan yau a layin da ke biyowa.

Yaya, ke zan kawo wa lissafi,
Juma'a da yamma ki zo da tambayawa.

Yaya Mai Alƙalami:
Na karɓa ƙanena. Wane littafi ne, kuma a shafi na nawa ka tsaya?

Ɗan Auta:
Na tarihi ne Yaya, shafi na 41. Yana gefen filo yanzu haka, wayar kuma zan kai ta falo ta kwana a caji.