Likita ta ce makin Baba 4 ne, ta ƙi sallamarsa. Wane irin maki ne wannan?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Ɗazu bayan isha'i Baba ya dafe ƙirji, ya ce ji yake kamar an ɗora masa turmi, ga gumi na keto masa har hannun hagu ya yi nauyi. Shekararsa 58, yana da hawan jini da ciwon suga. Shi dai ya kafe olsa ce ta tashi, da ƙyar muka lallaɓa shi zuwa asibiti. An yi masa ECG, wato gwajin bugun zuciya, lafiya lau, an ɗebi jini shi ma lafiya. Amma likitar ta ce a lissafin HEART makinsa 4, sai ya kwana. Yanzu ciwon ya lafa, Baba sai faɗa yake a mayar da shi gida. Hankalina a tashe yake. Idan gwaji ya fito ƙalau, me ake jira?

Likitan Zuciya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku yarda ya bar asibitin nan. Likitocin ƙasar Holan ne suka fito da wannan lissafi na HEART a 2008, don auna haɗarin ciwon zuciya ga wanda ya zo da ciwon ƙirji. Abu biyar ake dubawa, kowanne makinsa daga 0 zuwa 2: yadda mara lafiya ya kwatanta ciwon, ECG, shekaru, cututtukan da ke jawo ciwon zuciya, sai gwajin jini na tiroponin, wato sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan tsokar zuciya ta samu rauni. Nauyi a ƙirji da gumi da hannun hagu, wannan 2 ne. Shekara 45 zuwa 64 maki 1. Hawan jini da suga, 1. Ka ga 4 ke nan tun ba a taɓa jini ba. Daga 0 zuwa 3 ne ake iya sallama. A binciken da aka buga a 2013 kan mutum 2,440, ƙasa da 2 cikin 100 na masu wannan ƙaramin maki ne suka gamu da babbar matsalar zuciya cikin mako 6. Masu 4 zuwa 6 kuwa kusan 17 cikin 100 ne. Da mahaifina ne, ba zan kai shi gida ba.

Maman Hafsa:
Ni nas ce, ɗan'uwa. Tiroponin ba ya tashi nan take, yakan ɗauki sa'o'i kafin ya bayyana a jini. Idan kun kai shi da wuri, na farko zai iya fitowa lafiya alhali zuciyar ta taɓu. Shi ya sa ake maimaitawa bayan kamar awa 3. Kuma don Allah ku daina biye wa zancen olsa, musamman ga mai suga, domin su ciwon zuciya kan zo musu a ɓoye.

Likitan Zuciya:
Gaskiyarki. Kuma shi wannan lissafi, haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya kawai yake aunawa, ba ya gano gudan jini a huhu. Dole likita ta ci gaba da sa ido.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba bayanin likita, ya yi shiru ya koma ya kwanta. Ƙarfe 2 na dare aka sake ɗibar jini, wannan karon tiroponin ɗin ya hau. An ba shi asfirin da wasu magunguna, da safe likitan zuciya zai duba shi. Ku sa mu a addu'a.