Ciko, liƙi ko yaɓe: me za mu kira gyaran kogon haƙori?

Jama'a, kalma ɗaya nake nema. Ranar Litinin na raka Baffa, ƙanen mahaifina, daga ƙauyenmu a ƙasar Ringim zuwa asibiti a Dutse. Haƙorin turmi ne ya hana shi barci kwana huɗu. Ya tauna kanumfari, ya kurkura da ruwan gishiri, har wani a majalisa ya ba shi shawarar ɗiga ruwan batir, Allah ya sa bai biye masa ba. Likita ta duba ta ce haƙorin bai mutu ba, ba sai an cire ba, "filin" (filling a Turance) za a yi masa. Baffa ya waiwayo ya dube ni: "Kai ɗan nan, filin wa kuma? Ni haƙori na kawo." Ni da aka ɗauko don tafinta sai ga ni ina inda-inda.

Kafin ku kawo kalma, ga abin da na gani da idona. An yi masa allura a dasashi, wurin ya mutu. Aka sa ɗan inji mai kuka kamar sauro aka kankare baƙin da ya ruɓe, aka wanke ramin, aka busar da iska. Sannan ta riƙa ɗibar wani farin abu mai kama da ƙullu tana dannawa kaɗan-kaɗan, kowane ɗiba sai ta haska masa shuɗiyar fitila ya daskare. Da ta gama ta ba shi takarda ya ciza, inda ya yi tudu ta goge. Tsutsa kuwa ko ɗaya ba a ciro ba, duk da Baffa ya rantse tana ciki. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai cinye ɓawon haƙori, kuma ramin ba ya warkewa da kansa kamar miki, gaba yake ci har ya kai jijiya.

Da na jefa tambayar, na farkon da ya amsa ya ce "liƙin haƙori". Ban karɓa ba. Liƙi a sama yake tsayawa, kamar na mai facin taya, ga shi kuma duk wanda ya ji liƙi hankalinsa gidan biki yake tafiya. "Faci" ma jirgi ɗaya ya kwaso su.

"Toshiya" ce na fi tsoro. Mutanenmu da ma toshewa suke yi: a jiƙa auduga da magani a cusa a kogon, ruɓa tana ci a ƙarƙashi. Ka ce wa mutum toshe masa za a yi, sai ya ce ai wannan a gida ma yana iyawa, ya ajiye kuɗin motarsa.

Wani dattijo magini daga wajen Gaya ya turo saƙon murya ta wayar ɗansa. Ya ce, "Malam, ai wannan yaɓe ne. In gara ta ci katanga ba a ɗora sabuwar ƙasa a kai, sai an kankare inda ta ci tukuna." Wallahi maganar ta shige ni, don shi kaɗai ya tuna da kankarar, wadda ita ce rabin aikin. Na kwana ina juya ta. Inda ta gaza shi ne, yaɓe abin shekara-shekara ne, damina na wucewa sai a sake, shi kuwa wannan gyaran in an yi shi da kyau yakan yi shekaru. Ka yi haƙuri Baba, ban ɗauka ba, amma misalinka na riƙe shi.

Wata Hajiya ta ce a da "dalma" suke ce wa baƙin abin nan mai kama da ƙarfe da likitoci ke cike kogon haƙori da shi. Hajiya, a bar wannan. Babu dalma a cikinsa: kusan rabinsa zaiba ce, sauran azurfa da kuza da jan ƙarfe. Kuma tun abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ba uwar da za ta yarda a sa wa ɗanta dalma a baki. Shi kansa na zaibar ana janye jiki daga gare shi tun yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba a duniya, Tarayyar Turai ma ta hana shi daga Janairun 2025 sai inda likita ya ga ba makawa. Haƙorin Makka kuma daban ne, shi hula ake sa wa haƙorin gaba ɗaya.

Sai wata ma'aikaciyar lafiya daga Bichi ta ce me ya sa muke wahalar da kanmu, su "ciko" suke cewa tun tuni, marasa lafiya kuma suna ganewa. Wani ya ce ciko ai na bashi ne. To, shi ne kuma ake yi wa kududdufi da jar ƙasa har ya dawo daidai da hanya, kuma haka ramin haƙorin Baffa ya koma. Na gwada ta a baki: an yi masa ciko, cikon ya faɗo, cikon wucin gadi ne ka dawo bayan mako biyu. Duk ta zauna. Ta haifi 'ya'ya ma ba wahala: farin ciko, cikon zaiba.

Ni dai na tsaya a kan cikon haƙori, da sharaɗin mai bayani ya riƙa faɗin ta da jelarta: a kankare ruɓa, a yi ciko.

Saura guda ɗaya da ta fi shafar mu na karkara. Akwai hanyar da aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980, ba inji ba lantarki: da ɗan ƙarfen hannu ake kwashe ruɓar, a cike da wani siminti mai sakin sinadarin fulorayid, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Na rubuta "cikon hannu", amma ina jiran wanda ya fi ni.

Da yamma na kira Baffa na ce masa an samu kalma, ciko aka yi masa. Ya ce to madalla, amma shi tun jiya ya gama faɗa wa 'yan majalisa cewa likita ta yaɓe masa haƙori da farar ƙasa.